Wa A Ke Wa Magana? Sharhi a Kan Rubuce-rubucen Masu Bincike Game da Noman Rani na Kura

Masu koyar da nahawu sukan ce mutane uku ne cikin kowace magana: akwai mai magana, akwai wanda a ke yi wa magana, akwai kuma wanda a ke magana a kansa. Ɗan makarantar firamare ya san wannan, gama da shi a ke fara koya masa wakilin suna. Amma ba a cika ɗaukar wannan ma'auni a auna littattafan manyan malamai da shi ba, alhali kuwa a wurin ya fi amfani. Duk wanda ya yi bincike kan zaman jama'a, ya rubuta abin da ya gano da nufin a gyara wani abu, to, ya zaɓi wanda zai faɗa wa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma sau da yawa wannan zaɓi shi ke yanke abin da binciken zai haifa, fiye da gaskiyar da ke cikinsa. A wannan takarda za a ɗauki wuri guda, watau ƙasar ban ruwa ta Kura da Bunkure da Garun Malam, kudu da birnin Kano, a duba abin da aka rubuta a kanta, a ga inda aka ajiye manominta cikin mutanen nan uku.

Labarin aikin sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. Bayan an kafa Jihar Kano cikin 1967, gwamnatin Audu Bako ta ɗauki aniyar tare ruwan damina domin noman rani. Aka fara da ƙaramar madatsar Bagauda da gonar gwaji a Kadawa, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holanda, NEDECO, shi ya yi awo ya tsara shirin. Kashi na farko an nufa ya shayar da hekta 22,000, ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar magudana. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Aka karɓi gonakin mutane, aka baje su da katafila, aka rage wani kaso domin magudanai da hanyoyi, aka mayar musu da saura. Abin da aka fi so su shuka da rani shi ne alkama.

Ya kamata a tuna ko wace irin ƙasa ce aka kawo wa wannan aiki. Kura tsohon garin sana'a ne. Marina da mabugan Kura su ke yin baƙin turkuɗi mai sheƙi wanda Buzaye ke naɗawa, har sunan garin ya bi kayan zuwa Agadas da bayanta. Ban ruwa kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, harshen kansa shaida ne: jigo da lambu da fangali da garka duk suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, shekara arba'in kafin a gama Tiga. Alkama ma an daɗe ana nomanta kaɗan-kaɗan a lambuna, domin alkaki da finkaso da taliya. Mutanen da ke da kalmomin abu, lalle suna da wani ilmi game da shi.

Rahoton masu tsara aiki shi ne rubutu na farko, shi ne kuma ya fi kowane ƙarfi, gama shi aka bi aka zuba siminti. Mai magana a cikinsa injiniya ne, wadda a ke wa magana kuwa gwamnati ce mai biya. Manomi yana ciki, amma a matsayin adadi: mutum nawa ne a gida, kwanakin aiki nawa za a samu daga gare su, buhu nawa hekta za ta bayar in ya yi yadda aka ce. Tunanin da aka gina irin waɗannan shirye-shirye a kansa shi ne wai manomi yana zaman banza daga kaka zuwa bazara, in aka ba shi ruwa ya sami abin yi. Wanda ya san ƙauye ya san ba haka abin ya ke ba. Rani shi ne lokacin saƙa da rini, da gyaran gida, da fatauci, da tafiya karatu, da bukukuwan aure. Kalmar nan "cin rani" ita kaɗai da ta isa ta gargaɗi mai tsara aiki, da ya tambayi ma'anarta.

Wadda ta kwance wannan tunani da hujja ita ce Tina Wallace, wadda ta yi bincike a wani gari na cikin aikin. Cibiyar Binciken Zaman Jama'a da Tattalin Arziki ta Jami'ar Ahmadu Bello ta buga rahotonta cikin 1979, daga baya kuma ta taƙaita shi a wata mujalla da wani littafi a Ingila, cikin 1980 da 1981. Aiki ne na haƙuri, har yanzu ya cancanci karatu. Ta nuna noman ban ruwa noman kuɗi ne: sai an biya tarakta, an sayi iri da taki, an biya hukuma ladan ruwanta, an ɗauki 'yan ƙwadago, duk kafin a ga ƙwaya ɗaya. Mai hali ya ƙaru. Wanda ba shi da shi kuwa yakan ba da gonarsa haya da rani ga attajiri ko ma'aikacin gwamnati daga birni. Ta nuna yadda alkama ta yi karo da dawa. Alkama tana son sanyin hunturu, tilas a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba, dawa kuwa a lokacin tana tsaye a gona ba a yanke ba; saboda haka hukuma ta matsa a bar dawa, wadda ita ce tuwon gida, a koma ga abin da ke nuna da wuri. Ta kuma lissafa abin da rahoton farko bai ba daraja ba, watau ɗorawa da kuka da sauran itatuwan da aka tumɓuke, waɗanda mata ke samun daddawa da miya da kuɗin kashewa daga gare su, da makiyayar da Fulani suka rasa.

To, amma mai karatu ya tambaya, wa a ke faɗa wa wannan duka? Manomin da ya ba da gonarsa haya ya riga ya sani, shi ma ya gaya wa mai binciken. Abin da bai sani ba, wanda binciken ya sani, shi ne cewa abin da ya same shi ya wuce tsautsayi ko rashin dabararsa. Tsari ne ya kawo shi, ya sami maƙwabtansa da yawa, ya kuma sami 'yan'uwansa na Bakolori a ƙasar Sakkwato, inda rigimar diyya ta kai ga zub da jini cikin 1980. Wannan ita ce ribar bincike, watau tara labaran ɗai-ɗai har su zama hujja, ita ce kuwa ribar da ba ta komo gida ba. An karɓi magana da Hausa, an juya ta Turanci, an kai ta Zariya da Landan. Manomi ya tashi daga adadi ya zama abin tausayi, wannan kuwa ci gaba ne, amma har yanzu "shi" ne cikin zancen, bai zama "kai" ba.

A hanyar juyawar nan wani abu yakan zube. Marubutan wancan lokaci da kalmar Turanci guda su ke kiran mutanen karkara, watau peasant, wadda ke ɗauke da tarihin Turai da muhawarar almajiran Karl Marx. Hausa ta rarrabe. Noma sana'a ce, don haka manomi yana iya zama attajiri. Talaka kuwa matsayi ne a gaban masu mulki, ko da mutum yana da rumbu goma. Ɗan ƙwadago da maras hali kowanne da sunansa. Kalmar "talaka" ta riga ta zama makamin siyasa a Kano tun da aka kafa jam'iyyar NEPU cikin 1950. Abin lura shi ne, a shekarar da rahoton Wallace ya fito, cikin Oktoba 1979, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta karɓi mulkin Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kuma cikin 1980 ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha. Ke nan ga masu karatu ana ƙyanƙyasawa a ƙauyuka, ga harshen siyasa wanda ya dace da abin da binciken ya gano, ga kuma gwamnatin jiha mai kunnen jin ƙarar talaka a kan wata hukuma ta Tarayya. Da wuya a sake samun lokacin da ɗan littafi na shafi talatin da Hausa zai yi aiki kamar wannan. Muhawarar dai da Turanci aka yi ta, tsakanin malamai.

Littafin da ya fi duk sauran suna shi ne na Gunilla Andrae da Björn Beckman, mutanen Suwidin, wanda ya fito cikin 1985. Sunansa da Turanci The Wheat Trap, watau tarkon alkama. Beckman ya daɗe yana koyarwa a Zariya, ya san ƙasar. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Kuɗin man fetur ya sa burodi ya zama abincin birni mai arha, ana sayo alkamarsa daga waje, galibi daga Amurka, fiye da tan miliyan ɗaya a shekara a farkon shekarun 1980. Domin a rage wannan aka ce za a noma ta a gida, a Kano da Bakolori da bakin Tafkin Chadi. Amma alkamar gida tana da tsada ƙwarai, amfaninta kaɗan ne saboda gajartar sanyi, abin da a ke samu kuma bai kai ko kusa da bukata ba. Saboda haka alkawarin noman gida ya zama uzurin ci gaba da cin burodi, cin burodi kuma ya zama uzurin ci gaba da kashe kuɗi kan madatsai. Tarkon ke nan. Mafita a wurinsu ita ce a koma ga dawa da gero da masara da rogo.

Sunan littafin shi ne rabin nasararsa, gama kalma biyu ce mai kama zuciya, wadda ko wanda bai buɗe littafin ba yana iya maimaitawa. Abin mamaki, ta fi zama daidai da Hausa, inda tarko abu ne da kowane yaron ƙauye ya ɗana da hannunsa. Sai dai waɗanda a ke wa magana a cikinsa su ne malamai da masu mulki, kuma abin da ya biyo baya darasi ne game da yadda masu mulki ke jin magana. Daga Janairu 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Kada a yi saurin ba littafin wannan lada, gama rashin kuɗin musaya da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun isa dalili. Abin da ya tabbata shi ne an ɗauki rabin shawarar aka bar rabi. Maimakon a juya ga hatsin gida, sai aka ƙara ƙaimi kan noman alkama, aka raba injunan ban ruwa da rahusa, manyan mutane suka share filaye, fulawa kuma ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya. Cikin 1992 aka janye hanin, kasuwar alkamar gida ta faɗi. Manomin Kura ya ga tashin farashi ya ga faɗuwarsa. Bayanin dalilin, wanda da ya taimake shi ya san iyakar abin da zai zuba, yana kwance cikin littafin da ba shi aka rubuta wa ba.

Akwai wani bincike wanda ya san sarai wa ya ke wa magana, ya kuma yi ta da harshen da mai sauraron ke ji. Ruwan da aka tare a Tiga da can yana sauka Kogin Haɗejiya, ya malala cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, inda jama'a masu yawa ke noman shinkafa da kamun kifi da kiwo. Da aka tare shi, aka ƙara da madatsar Challawa cikin 1992, malalar ta ragu. Ruwan da a ke saki duk shekara ba yankewa kuma ya ba ciyawar kachala dama ta toshe hanyoyin kogi. Cikin 1991 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka yi lissafin abin da fadamun ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka raba shi bisa yawan ruwan da aka sha, suka gwada da na aikin Kogin Kano. Suka tarar kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya sauka fadama yana haifar da amfani ninkin-ba-ninkin na wanda aka shayar da gonakin Kura. Wannan magana ta shiga kunne, domin da kuɗi aka yi ta, kuɗi kuwa shi ne harshen baitulmali da Bankin Duniya. Ta shiga littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara kan fadamun cikin 1993, ta kuma zama babbar hujjar masu neman a riƙa sakin ruwa da damina, da masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are.

Babu laifi a yaba wa wannan dabara, mai neman canji ya kamata ya koye ta. Amma a duba inda ta ajiye mutumin Kura. A rahoton Wallace shi ne wanda aka cuta, a nan kuma ya zama mai shan ruwan wasu. Shari'a ce a ke yi tsakaninsa da masuncin Nguru, dukansu biyu ba sa zauren, alhali suna jin harshe ɗaya, suna haɗuwa a kasuwa ɗaya. Abin da zai sa manomin kan magudana ya yarda ya rage ɓarnar ruwa shi ne ya san wa ke ƙasa da shi, da abin da ke samunsa. Lissafin dala ba zai gaya masa wannan ba.

Wuri ɗaya ne manomi ke zama wanda a ke wa magana, watau takardun malaman gona. A nan tilas a yi adalci. Tun 1963 aka kafa wani sashe a Samaru domin isar da sakamakon bincike ga manoma, ya girma ya zama cibiya mai zaman kanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana fitar da ƙananan takardu da hotunan bango da shirye-shiryen rediyo da Hausa. Tashar bincike ta Kadawa ta gwada iri da lokacin shuka a ƙasar kanta. Yawancin abin da manomin Kura ya iya game da takin zamani da sabon irin shinkafa da tumatir ta wannan hanya ya fara zuwa, kafin maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Sai dai mai nazarin harshe ba zai kasa lura da siffar aikatau ɗin da ke mulkin irin wannan rubutu ba. Umurni ne da hani: ka shuka, ka zuba, kada ka jinkirta. Dalili ba ya cika biyowa, gardama kuwa ba ta da wurin zama. Ma'aunin ma na ɗakin gwaji ne, kilo kaza a hekta, alhali manomi da dami da tiya da kwando ya ke lissafi; malamin gona mai basira shi ke juya wannan da bakinsa, ya ce cikin murfin kwalba ko akwatin ashana. Tsarin horo da ziyara da Bankin Duniya ya kawo ta hannun hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980 ya ƙarfafa wannan hali, gama saƙo ne a ke ba malamin gona duk mako biyu ya kai ya sauke. Ko sunan da a ke kiran aikin da shi, "wayar da kai", ya riga ya yanke hukunci cewa duhu yana gefe ɗaya.

Samaru kanta ta taɓa gwada abin da tambaya ke haifarwa. Shekara da shekaru ana gaya wa manoma su daina gauraya gero da dawa da wake a gona ɗaya. Da David Norman da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙarshen shekarun 1960, suka auna, sai suka tarar manomi ne ke da gaskiya: gaurayawa ta fi riba, ta kuma fi tsaro a shekarar da ruwa ya yi gardama. Ilmin ya hau daga gona zuwa jami'a ya zama abin alfahari a duniya. Kasa ita ce hanyar da ta fi wuyar sauka.

Wani zai ce aikin mai bincike ya gano gaskiya ne, fassara aikin wasu ce. Zai ce kuma a shekarun nan masu karatun boko kaɗan ne a ƙauye, ga mulkin soja wanda ba ya son a tada ƙura. Duka akwai gaskiya a ciki. Amma ƙasar nan ta san wannan matsala tun kafin zuwan Turawa, ta kuma san maganinta. Malaman jihadi da Larabci su ke rubuta wa junansu, in sun nufi jama'a kuwa sai su yi waƙa da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ba ta tsaya ga juya waƙoƙi zuwa Hausa ba, ta naɗa jajoji suna ɗauko matan ƙauye, 'yan taru, su zo su koya su koma su koyar. Ta ɗauki isarwa a matsayin wani ɓangare na malanta. A zamanin kusa ma, hukumar NORLA ta shekarun 1950 ta buga wa kowane lardi jaridarsa, Kano tana da Sodangi. Ajami yana nan, rediyo yana nan a kowane rumfa. Hanya ba ta taɓa rasa ba.

Cikin duk abin da aka rubuta kan wannan aiki, wanda ya fi kusa da mai da mutanen wurin masu magana shi ne na Cecile Jackson. Cikin 1978, da sunan Sam Jackson, ta buga wata maƙala mai suna Hausa Women on Strike, watau matan Hausawa sun yi yajin aiki. Mai nahawu ya duba sunan kawai: mata su ne aikau, su suka yi. Labarin matan ƙauye ne da wani kamfanin Turawa ya ɗauka tsinkar ɗanyen wake a gonakin aikin domin kai wa kasuwannin Turai, suka ga ladan bai kai wahalar ba, suka haɗa baki suka ajiye aiki. Ba su da ƙungiya a rubuce, ba wanda ya raba musu takarda. Magana ce ta bi hanyoyin da maganar mata ke bi, daga gida zuwa gida. A littafinta na 1985 Jackson ta ƙara nuna abin da masu tsara aiki ba su zata ba, cewa aikin bai faɗa wa mata duka iri ɗaya ba. Matan Musulmi da ke kulle sun sami kasuwar abincin sayarwa da sussuka saboda yawan 'yan ƙwadago, matan Maguzawa kuwa, waɗanda ke noma da hannunsu, su suka fi asara. Wannan gyara ne ga masu ganin kulle da talauci a matsayin abu guda. Abin da ya rage wa maƙalar shi ne abin da ya rage wa sauran: an karanta ta a jami'o'in Turai a matsayin misali, jikokin matan da suka yi yajin kuwa, waɗanda yanzu ke turara shinkafa a Kura, ba a makaranta za su ji labarin ba.

Yau fuskar ƙasar ta sake. Shinkafa ce sarauniyar gonakin, Kura ta zama garin injunan casa, tumatir yana cika Kwanar Gafan da rani har ya faɗi warwas. Cikin 2016 wani ƙwaro ɗan asalin Amurka ta Kudu ya cinye tumatir ɗin Kano, a shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa. Masana suka zo da sunansa na Latin, Tuta absoluta, wanda a kunnen Bahaushe rabinsa na farko ƙyalle ne a kan sanda. Manoma kuwa sun riga sun raɗa masa nasu, "sharon", kuma duk malamin gonar da ya so a gane shi da wannan ya yi magana. Ga ƙaramin misali na inda mai bincike ya bi bayan manomi a kan kalma, bai kuwa yi asara ba.

Babban gwaji yana wurin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. An fara kafa su a wannan aiki tun shekarun 1990, shirin gyaran magudanai na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014, ya ɗora musu nauyin kula da ƙananan hanyoyin ruwa da tara kuɗi daga manoma. A taronsu manomi yana cewa "mu", yana tambayar inda kuɗinsa ya tafi. Zaure ne da bai samu ba lokacin Wallace, kuma shi ne inda ya kamata abin da a ke ganowa yanzu game da gishirin ƙasa, da tsargiya, da rabon ruwa tsakanin na kai da na wutsiyar magudana, ya fara sauka a ji martani kafin a kai shi mujalla. A nan sassan koyar da Hausa suna da bashi a kansu. Shekara hamsin ana ban ruwa da magudana a Kura, manoma sun ƙirƙiro sunayen ƙofofin ruwa da na iri da na cututtuka, ƙamus ɗin da ɗalibai ke dogara da su kuwa sun fi sanin jigo. Ko kalmar da ta fi kowace yawo a tarurrukan nan tana jiran mai tsefe ta. Abin da a ke biyan hukuma a kan hekta ana kiransa "kuɗin ruwa", wannan kuwa shi ne ainihin sunan da Hausa ta daɗe tana kiran ribar bashi da shi, wadda malamai ke wa'azi a kanta ranar Juma'a. Manomi ya san bambancin, ba ya ruɗewa. Amma mai rubuta dokar ƙungiya, da mai juya rahoto daga Turanci, ya kamata ya san kalmar da ya ɗauka tana da wata ma'ana a bayanta, ya je Bunkure ya ji yadda masu biya ke faɗinta a tsakaninsu kafin ya sa ta a takarda.